Yadda za ka zaɓi keke mai caji mai sauƙin kuɗi wanda zai hau da kai tudu ko da ba ka da ƙarfin jiki

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 mutane da yawa a nan Zariya suka jingine mashin da mota suka koma neman abin hawan da ba ya shan fetur, kuma ni ma ina cikinsu. Matsalata ita ce gwiwa, ga kuma haki, in na tuka keke na gargajiya na minti goma sai na sauka na huta. To da na fara hawa keke mai caji sai tambayoyi suka yi min yawa, a masallaci, a wajen aiki, har a bakin titi a tsayar da ni, kuma yawancin masu tambayar irina ne, dattawa, masu ƙiba, masu hawan jini, wanda ya yi jinya yana farfaɗowa, duk tambayar ɗaya ce, wanne zan saya da kuɗina kaɗan wanda ba zai bar ni a tsakiyar hawa ba? Shi ya sa na zauna na rubuta yadda ake bin abin daki-daki.

Kafin ka je shago ko ka buɗe Jiji, fara da sanin hanyarka. Wani zai ce ai Zariya ba Jos ba ce, ina tudun yake? Gaskiya ne ba mu da irin hawan Jos, amma wanda yake cikin mota ba ya sanin tudu, sai mai keke. Duk inda ka gangara ka tsallaka rafin Kubanni to sai ka biya bashin gangarar nan a ɗaya ɓangaren, ga gadar sama ta Kwangila, ga hanyoyin unguwa na wajen Wusasa da gindin Kufena da ba kwalta, ga irin doguwar hawan nan mai laushi da ido ba ya gani amma ƙirji yana ji. Don haka ka ɗauki waya ka auna kilomita nawa ne daga gidanka zuwa inda kake zuwa kullum, zuwa da dawowa, ka rubuta. Sannan ka gano wurin da ya fi kowanne tsayi a hanyar. In kana da Strava, manhajar auna tafiya, a waya ka kunna shi ka bi hanyar ko a kan acaɓa ne, zai nuna maka mita nawa ka hau. Yadda ake lissafin tudu kuwa ba wuya, in a cikin tafiyar mita 100 ƙasa ta ɗaga da mita 5, wannan shi ne tudu mai kashi 5, mai kashi 3 kowa zai iya, daga kashi 8 zuwa sama kuma nan ne ake gane keken kirki.

Sai ka hau sikeli, kar ka yi kintace. Nauyinka, da nauyin keken wanda yawanci kilo 22 zuwa 28 ne, da kayan da kake ɗauka, buhun cefane ko yaron da za ka sauke a makaranta, duk ka haɗa. Ga dalilin da ya sa na damu da wannan lissafi. Mutum da kekensa in sun kai kilo 110, a tudu mai kashi 5, ana tafiya a hankali kamar kilomita 12 a awa, ana buƙatar ƙarfin da ya haura wat 200 kaɗan. In tudun ya kai kashi 8 abin zai wuce wat 300. Shi kuwa mutumin da bai saba motsa jiki ba abinda ƙafarsa za ta iya bayarwa na tsawon lokaci ba tare da ya galabaita ba bai fi wat 50 zuwa 80 ba. Kaga kenan kusan duk aikin injin ne zai yi, kai taimako kawai za ka ba shi, saboda haka keken da ya ishi ɗalibi ɗan shekara 20 mai kilo 60 ba lallai ya ishe ka ba ko da iri ɗaya ne, kuma shaidar da zai ba ka cewa "wallahi yana hawa kamar me" gaskiya ya faɗa amma a jikinsa.

Yanzu ka raba abubuwa biyu da ake kira da suna ɗaya a kasuwa. Akwai keke na sosai, mai feda da giya da sarƙa, aka ƙara masa inji da batir. Akwai kuma wanda siffarsa ta ɗan mashin ce, mai faffaɗan kujera da wajen ajiye ƙafa, fedarsa ƙarama kamar ta ado, yawanci da batirin ruwa guda huɗu a ƙarƙashin kujera. Na biyun nan shi ya fi araha kuma shi na fara saya, kuma a nan na yi asara. Watannin farko lafiya lau, daga baya batir ya fara sanyi, wata rana da yamma ya mutu min a tsakiyar hawa, na ce bari in tuka da feda, ashe fedar ba ta da giya kuma abin ya yi nauyin da ba zan iya ba, haka na tura shi har gida gwiwata ta kumbura na kwana uku ban fita ba. Wanda ya sayar min bai yi min ƙarya kai tsaye ba amma bai gaya min abinda ya kamata in sani ba. Don haka in jikinka ba ƙarfi, ka tabbata abinda za ka saya in caji ya ƙare za ka iya sa shi a giya mai laushi ka lallaɓa ka isa gida.

To sai maganar inji, kuma nan ne zan daɗe don nan ake yaudarar mutane. Kowa wat yake tambaya, mai shago ma wat yake faɗa, 500 ne, 1000 ne, a rubuce ɓaro-ɓaro a jikin keken. Amma abinda yake ɗaga ka a kan tudu shi ne ƙarfin murɗa taya, wanda ake rubutawa da Nm. Ƙananan injinan cikin taya masu wat 250 yawanci suna ba da 30 zuwa 45, wannan ya ishi mara nauyi a tudu mai laushi. In kai mai jiki ne ka nemi 50 zuwa sama. In mai shago bai san Nm ɗin ba, kuma da yawa ba su sani ba, ka duba lambar da ke jikin injin ka bincika ta a intanet a tsaye a wurin, ba abin kunya ba ne.

Injinan kala uku ne. Na farko yana cikin cibiyar taya kuma yana da ƙananan giyoyi a cikinsa, za ka gane shi da ƙanƙanta, bai fi girman kwanon sha ba, in yana aiki yana ɗan kuka siriri, in ka ɗaga tayar ka juya ta gaba da hannu tana juyawa sakayau. Na biyu shi ma a cikin taya yake amma ba giya a ciki, faffaɗa ne kamar faranti, ga nauyi, shiru yake, yana da gudu a shimfiɗaɗɗiyar hanya kuma ba ya saurin lalacewa amma a tudu in gudu ya ragu sai ya riƙa zuƙe batir yana zafi, kuma in caji ya ƙare za ka ji yana riƙe tayar. Masu wat 1000 da ake ta tallarsu da araha yawanci irin wannan ne, ni ban ba ka shawararsa ba. Na uku yana tsakiya wajen feda, yana jan sarƙa ne kamar yadda ƙafarka take ja, saboda haka yana cin moriyar giyar keken, ka sa giya mai laushi ya hau da kai kusan ko'ina. Irin su Bafang da Tongsheng suna kaiwa Nm 80 ko fiye, na Bosch da Shimano manya suna wajen 85 ko fiye. Shi ne sarkin tudu ba musu, amma ya fi tsada, yana cin sarƙa da haƙoran giya, kuma dole ka iya canza giya a kan lokaci, sannan in sarƙa ta tsinke shikenan ka tsaya, alhali mai inji a taya in yana da totur zai kai ka gida ko ba sarƙa.

Ra'ayina, ga hanyoyin Zariya da aljihun talaka, injin tayar baya mai giya a ciki, mai aiki da batirin bolt 48 (48V), wat 350 zuwa 500, ya wadatar da yawancin mutane. In nauyinka kai kaɗai ya haura kilo 100 sosai, ko hanyarka ta duwatsu ce mai tsayi, ko kana shirin komawa da shi wani gari mai tuddai irin Jos, to ka daure ka ƙara kuɗi ka nemi na tsakiya. Wanda injinsa yake a tayar gaba kuma ka bar shi, a kan yashi ko tsakuwa in ana hawa nauyi yana komawa baya sai tayar gaban ta riƙa sulɓi.

Wata dabara da masu gyara suka sani, ka nemi ganin kwantirola, ɗan akwatin ƙarfen nan da wayoyi suke shiga, a jikinsa akwai takarda da aka rubuta iyakar amfiya da yake saki. Ka ninka da bolt ɗin batir. 36V sau 15A ya ba ka wat 540, 48V sau 15A ya ba ka 720, wannan shi ne ainihin iyakar abinda keken zai iya bayarwa a lokacin hawa, ba abinda aka manna a jikin firam ba. Haka kuma girman taya yana da tasiri, inji iri ɗaya in aka sa shi a taya mai inci 20 ya fi jan tudu a kan taya mai inci 26 ko 28, sai dai ƙaramar taya ta fi jin ramuka, kuma ramuka ba ma rasa su musamman bayan damina. Ni inci 26 na tsaya a kai saboda taya da tif ɗinsa ko'ina akwai.

Abu na gaba da mai raunin jiki bai kamata ya tsallake ba shi ne yadda keken yake gane kana tuƙi. Wasu suna da na'urar da take lura da juyawar feda kawai, da ka juya ta ko ba ƙarfi sai inji ya kama. Wasu kuma suna auna ƙarfin da ka danna ne su ninka maka shi, in ka danna da ƙarfi su ba ka da yawa in ka sassauta su sassauta. A rubuce-rubucen Turawa za ka ga ana yabon na biyun, kuma gaskiya ya fi daɗin tuƙi ya fi tattalin batir, amma ga mai ciwon gwiwa ko wanda numfashinsa yake ƙarewa a tsakiyar tudu na farkon ya fi tausayi, domin lokacin da ka gaji shi ne lokacin da kake buƙatar taimako, kuma shi ne lokacin da mai auna ƙarfi zai rage maka. Aibin na farkon ɗaya ne, yana jinkirin kamawa, sai feda ta yi kusan rabin zagaye ko fiye, to in ka tsaya a kan hawa saboda a daidaita sahu ya sha gabanka, tashin nan da wuya. Maganinsa totur. Ka nemi keke mai totur, na murɗawa ko na dannawa da babban yatsa, ka tashi da shi in ka ɗauki hanya ka koma feda. Kekunan da aka yi don kasuwar Turai yawanci ba su da shi saboda dokarsu ta tsayar da inji a wat 250 kuma ya daina taimako a kilomita 25 a awa, amma da yawansu suna da maɓallin da in ka riƙe keken zai riƙa tafiya da kansa a hankali kamar kilomita 6 a awa kana biye da shi a ƙafa, yana da amfani wajen shiga da shi gida ko haye dakali.

Giya kuma kar ka yarda da keke mara ita. Guda 7 ta isa, abin dubawa shi ne babban faifan baya, ka ƙirga haƙoransa, yawancin masu araha 28 ne, in ka samu mai 34 ya fi, in ba ka samu ba canza shi ba tsada, kowane mai gyaran keke zai yi maka.

Sai batir, wanda shi ne ya fi komai tsada a jikin keken kuma a nan ake yin ha'inci. Lissafinsa ka ninka bolt da Ah, lambar girman batirin da aka rubuta a jikinsa, ya ba ka Wh, wato yawan wutar da yake ɗauka. 36V 10Ah ya zama 360, 48V 10Ah ya zama 480, 48V 13Ah ya zama 624. Mai nauyi da yake dogara da inji sosai a hanya mai hawa ya lissafa wa kansa Wh 15 zuwa 20 a kowace kilomita, kar ka kula da kilomita 60 ko 80 da aka rubuta a kwali, da mara nauyi aka gwada a hanya shimfiɗaɗɗiya, an sa taimakon injin, wanda ake ƙarawa ko a rage mataki-mataki, a mafi ƙanƙanta. Misali tafiyarka kilomita 20 ce zuwa da dawowa, sau 18 ya zama 360, ka ƙara kashi ɗaya bisa uku saboda batir yana tsufa kuma ba a son a riƙa ƙarar da shi tas, ka ga kana buƙatar wajen 480 zuwa 500. Kuma ka tuna halin wutarmu, akwai ranar da za ka kwana ba ka yi caji ba, in aljihu zai iya ka sayi wanda zai yi maka kwana biyu.

Lithium za ka nema, ba batirin ruwa ba. Na ruwa 48V 12Ah yana kai kilo 16, lithium mai ɗaukar kusan wutar nan bai fi kilo 3 zuwa 4 ba, kuma na ruwa in ana jansa da ƙarfi a tudu ba ya ba da duk abinda aka rubuta, ga shi bayan caji ɗari biyu zuwa uku ya fara sallama, lithium mai kyau kuwa yana yin 500 zuwa 800 kafin ya ragu sosai. Araha ba ta ado, abinda ka rage yau za ka biya shi baɗi. Ka tambaya ƙwayoyin ciki na wane kamfani ne, in an ce Samsung ko LG ko Panasonic madalla, sai dai baki ne kawai ya faɗa, don haka ka yi gwaji biyu. Na ɗaya ka ɗaga batirin a hannu, in da hali ka ɗora a sikeli, wanda aka rubuta 48V 20Ah ya kamata ya kai kilo 4 zuwa 6, in ka ji shi sakwat kamar kilo 2 da rabi to rubutun ƙarya ne. Na biyu ka tafi da mitar auna bolt ko ka ɗauki ɗan rewaya ya raka ka, batirin 36V in ya cika 42V zai nuna, na 48V kuma 54.6V, in an ce maka a cike yake amma bai kai nan ba akwai matsala a ciki. Kuma ya kasance mai cirewa da makulli, don ka iya shiga da shi ɗaki ko ofis ko shagon da ke da sola ka yi caji ba sai ka ja keken gaba ɗaya ba.

Maganar sabo ko na hannu. Akwai kekuna ƴan kwatano masu kyau ƙwarai da suke shigowa daga Turai da Japan, firam mai ƙarfi, inji na tsakiya, a farashin da bai kai sabon ɗan China ba, kuma ina ganin mutane suna rububinsu. Ka yi hattara da abu uku. Batirinsu ya riga ya yi shekaru, kuma na manyan kamfanonin nan ba ya karɓar kowane batir sai nasa, nasa kuma samunsa a nan wuya ga tsada, in ya mutu keken ya zama na gargajiya mai nauyi. Sannan da yawa suna zuwa ba caja. Sannan na Japan, irin su Panasonic da Yamaha da Bridgestone, wutar ƙasarsu 100V ce tamu kuwa 230V, akwai cajojinsu da in ka soka kai tsaye a bango nan take za su ƙone, sai ka karanta abinda aka rubuta a bayan cajar in 100V kaɗai ce ka haɗa da ƙaramar taransifoma mai rage wuta. Su na Japan ɗin suna da ƙarfi sosai a tafiyar hankali ƙasa da kilomita 10 a awa wanda shi ake so a tudu, kuma firam ɗinsu a buɗe yake, amma ba su da totur kuma masu auna ƙarfin ƙafa ne, sai ka gwada ka ji ko gwiwarka za ta ɗauka. Ni in kuɗin mutum kaɗan ne na fi son ya sayi wanda kayansa na gama-gari ne, batir da kwantirola da totur da za a samu a Sabon Gari, in ba a samu ba a aiko daga Kano ko Kaduna, ko da sunansa ba sananne ba ne.

Akwai hanya ta uku, in kana da keke mai giya mai ƙarfi a gida ka sayi inji da batir da kwantirola a ɗaura masa, ya fi araha sau da yawa kuma kai ka zaɓi batirinka da kanka. Sharaɗi firam ya zama lafiyayye, a sa ɗan ƙarfen da yake riƙe gindin injin kada ya murɗe ya yage wurin zamansa, kuma birki ya zama na kirki. Tsohon Raleigh ko Phoenix na Baba mai birkin sanda kar a sa masa inji, birkinsa ba zai riƙe ba.

Birki kuwa ba a wasa da shi, duk tudun da ka hau sai ka gangaro shi da kilo 110 ko fiye. Na faifai za ka nema gaba da baya, mai faɗin milimita 160 aƙalla, 180 a gaba ya fi. Mai aiki da mai ya fi laushi a hannu, yana da kyau ga wanda yatsunsa ba ƙarfi, amma mai waya kowa zai gyara maka shi a bakin hanya. Kuma ka tabbata in ka matsa birki inji yana yankewa nan take.

Firam ɗin ma ka duba shi da idon jikinka. Wanda ba shi da sandar sama, wanda muke ce wa keken mata, shi ya fi dacewa da duk mai ciwon gwiwa ko ƙugu ko baya, namiji ne ko mace, ba sai ka ɗaga ƙafa ka haye ba, in an tsaya ba zato kana sauke ƙafa ƙasa shikenan, kuma da kaftani ko zani ana hawa. Yaya ko Hajiya in ke ce za ki hau, ki sa a ɗaura miki murfin sarƙa da ragar da take rufe gefen tayar baya, hijabi ko bakin zani in ya shiga wili da inji yana ja hatsari ne babba, haka babbar riga. Kan keken ya zama mai ɗagowa yadda za ka zauna a miƙe ƙirji a buɗe, numfashi ya fi fita.

Duk wannan bayani in ba ka hau ba ji ne kawai, gani ya kori ji. Kar ka biya sai ka gwada, kuma ba zagaye ɗaya a gaban shago ba. Ka roƙi mai shi ya haɗa ka da yaronsa a kan mashin ku je wurin da yake da hawa, in ya ƙi ka bar masa kayansa. A can ka hau sau ɗaya da matsakaicin taimako kana juya feda a hankali, ka ga ko za ka iya magana ba tare da haki ba. Ka sake hawa, a tsakiya ka tsaya cak ka sauke ƙafa sannan ka tashi, wannan shi ne gwajin gaske. Ka lura da alamar batir lokacin da ake hawa, in daga cike ta faɗo saura layi ɗaya ko keken ya ɗauke gaba ɗaya sannan ya dawo, batirin ya gaji ko ƙwayoyinsa marasa kyau ne. In kun kai sama ka taɓa injin, ɗumi ba komai, amma in ba ka iya barin hannunka a kai to ya yi wa nauyinka kaɗan. Ka gangaro ka gwada birki. Daga ƙarshe ka kashe wutar gaba ɗaya ka tuka mita ɗari biyu a giya mafi laushi, sannan ka sauka ka gwada ɗaga bayansa kamar za ka haye da shi ƙofar zaure. In da abokin tafiya mai irin nauyinka shi ma ya hau ku haɗa ra'ayi.

Wajen ciniki ka ware wani abu daga kuɗin tun farko, kar ka zuba duka a keken. Kana buƙatar hular kwano, fitila gaba da baya in babu, sarƙa da kwaɗo mai ƙarfi, famfo, da taya mai kauri don tsidau da ƙusoshi ba sa raga wa tayar araha. Hanyar Samaru zuwa cikin gari tireloli da tankoki ne ke bi, ka sa abu mai ƙyalli in za ka yi dare. A rubuta maka rasit da lambar firam da lambar batir, kuma a rubuta garantin batir wata nawa ne, da hannu a kan takardar, ba da baki ba. Ka tambaya wa yake gyara irinsa a gari ka karɓi kwatancen wurin ka je ka gan shi kafin ka biya.

In ka kawo shi gida, caji yana da ƙa'ida. Cajar 2A tana jan wajen wat 100 ne kawai, ƙaramar inbata ko sola ko janareto duk za su ɗauka, batir mai 480 zai cika cikin awa 5 zuwa 6 kuma abinda zai ci a mita bai fi rabin yunit da ɗan ɗori ba. Kar ka sa caji kana dawowa batir da zafi, ba shi rabin awa ya huce, musamman a Maris da Afrilu da rana take dukan gaske, kuma kar ka ajiye keken a rana tsaka. Kar ka yi caji a kan katifa ko a bakin ƙofar da ita kaɗai ce mafita, kar ka bar shi a soke ka yi barci, in an ɗauke wuta ka zare don dawowarta da ƙarfi tana kashe caja. Cajarsa kaɗai za ka yi amfani da ita, ta 48V ba ta shiga 36V. In batir ya kumbura ko yana wari ko ya faɗi ya fashe, fitar da shi waje nesa da ɗaki. In za ka yi tafiya ta makonni ka bar shi da rabin caji. Da damina yayyafi ba ya masa komai amma kar ka shiga ruwan da zai kai cibiyar taya, kuma kar a wanke shi da injin fesa ruwa na wankin mota. Da hunturu ƙura tana cin sarƙa, goge ta ka ɗiga mai duk sati. In tayar baya ta yi faci ka tsaya a kan mai facin, akwai wayar da take fitowa daga gindin injin, in ya finciko ta aiki ya lalace, yawanci ma ana iya zaro tif a liƙe ba tare da an cire tayar ba.

Jikinka kuma ka bi shi a sannu. In kana da ciwon zuciya ko hawan jini ko suga ka gaya wa likitanka kafin ka fara. Satin farko minti 10 zuwa 15 a unguwa da sassafe ko bayan la'asar, taimako a sama, ka saba da nauyin keken da yadda yake fizga in ya kama. Sirdi ka ɗaga shi yadda in feda tana ƙasa gwiwarka ta kusa miƙewa amma ba ta miƙe duka ba, sirdi in ya yi ƙasa shi ke ƙara ciwon gwiwa. Tun kafin ka iso tudu ka sauko da giya ka ƙara taimako, kar ka bari sai keken ya fara nishi, ƙafa ta riƙa juyawa da sauri-sauri ba nauyi, kuma ka riƙe gudu sama da kilomita 10 a awa in injin taya ne don kada ya yi zafi. In ka ji ƙirji ya riƙe ko jiri ko numfashi ya ƙi dawowa, tsaya nan take ka nemi inuwa ka kira wani, kar ka ce bari in ƙarasa. Bayan wata ɗaya in ka ji daidai sai ka rage taimakon da mataki ɗaya a inda hanya take shimfiɗe, a tudu kuma ka bar shi a sama, ni har yau a hawan da ke kusa da gidanmu a mataki mafi sama nake sa shi.